Talaucin Makamashi: Yadda Ƙananan Hukumomin Ingila Suke Yaƙi da Sanyin Gidaje

Gabatarwa

A kowace shekara idan hunturu ya kankama a ƙasar Ingila, wato daga watan Disamba zuwa Maris, yawan mutanen da ke mutuwa yakan zarce na sauran watanni. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar takan auna wannan ƙari ta hanyar kwatanta mace-macen waɗannan watanni huɗu da na watanni huɗun da suka gabace su da kuma huɗun da suka biyo bayansu. A hunturun 2014 zuwa 2015 an kiyasta ƙarin ya kai mutum 43,900 a Ingila da Wales, a na 2017 zuwa 2018 kuwa ya kai kimanin 50,000. Mafi yawan mamatan tsofaffi ne, kuma ciwon zuciya da na huhu da mura mai tsanani ne suka yi ajalinsu. Masana kiwon lafiya sun daɗe da gano cewa wani kaso na waɗannan mutane a cikin ɗakunansu sanyi ya kama su.

Mai karatu zai iya zaton cewa duk ƙasar da ta fi tsananin sanyi ita za ta fi yin irin wannan asara. Wani bincike da John Healy ya wallafa a shekarar 2003, wanda ya duba ƙasashen Turai 14 daga 1988 zuwa 1997, ya nuna akasin haka. A Fotugal, inda hunturu yake da sauƙi, ƙarin mace-macen ya kai kashi 28 cikin 100. A Finlan, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni da dama, kashi 10 ne kacal. Ɗaya daga cikin manyan dalilan bambancin shi ne irin ginin gidaje: mutanen Finlan sun gina gidajensu yadda za su riƙe zafi. Wannan maƙala za ta duba yadda zafi ke tserewa daga gida, da abin da wasu ƙananan hukumomin Ingila suka yi domin tsare shi, da kuma inda ƙoƙarin nasu ya ci tura.

Mene ne talaucin makamashi?

A shekarar 1991 wata masaniya mai suna Brenda Boardman, wadda ta yi aiki a Jami'ar Okusfod, ta wallafa littafi a kan wannan matsala. A cikinsa ta ba da ma'aunin da ya shahara: duk gidan da sai ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa kafin ya sami isasshen ɗumi da sauran buƙatun makamashi, to yana cikin talaucin makamashi. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su haifar da wannan hali: ƙarancin kuɗin shiga, da tsadar gas da lantarki, da kuma gidan da ba ya riƙe zafi.

Majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka a kan batun a shekarar 2000, kuma gwamnati ta sa wa kanta burin kawar da matsalar a Ingila zuwa shekarar 2016. Burin bai cika ba. An sake ma'aunin bayan rahoton Farfesa John Hills na 2012, aka kuma sake shi a 2021. A ma'aunin 2021 ana duba darajar gidan kansa, domin a Ingila ana ba gidaje maki daga A zuwa G gwargwadon yadda suke tattalin makamashi. Gidan da makinsa ya tsaya a D ko ƙasa da haka, kuma abin da ya rage wa mazaunansa bayan biyan kuɗin haya da na makamashi ya gaza layin talauci, shi ake lissafawa. Da wannan ma'auni gwamnati ta ƙidaya gidaje fiye da miliyan 3 a Ingila a shekarar 2022.

A aikace, ma'anar wannan ƙididdiga ita ce tsohuwa ta rufe sauran ɗakuna ta tare a ɗaki guda, ko magidanci ya zaɓi tsakanin cefane da kunna na'urar ɗumama ɗaki. Da yawa daga cikin masu ƙaramin ƙarfi suna amfani da mitar da ake sa wa kuɗi tukuna, irin wadda aka sani a biranen Nijeriya. Da zarar kuɗin ya ƙare, gida ya yi sanyi ke nan har sai an samu na sake sawa.

Illar sanyi ga jikin ɗan'adam

Zafin cikin jikin mutum yana tsayawa a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, kuma jiki yana yin duk abin da zai iya domin kada ya sauka. Idan mutum ya zauna a ɗaki mai sanyi, ƙananan jijiyoyin jini na fatarsa sukan tsuke domin rage zafin da ke fita. Wannan tsukewa tana sa jini ya hau, zuciya ta ƙara wahala. Haka kuma jinin yakan ƙara kauri, ya fi saurin daskarewa a cikin jijiya, abin da ke jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Iska mai sanyi kuma tana raunana garkuwar hanyoyin numfashi, ta buɗe ƙofa ga mura da ciwon huhu.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zafin ɗakin zama ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. Masana sun nuna cewa ƙasa da digiri 16 juriyar huhu ga cututtuka takan ragu, ƙasa da digiri 12 kuwa hawan jini yakan bayyana. Rahoton da tawagar Farfesa Michael Marmot ta fitar a 2011 ya kiyasta cewa kimanin kashi 21 cikin 100 na ƙarin mace-macen hunturu suna da nasaba da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen da suka fi kowane sanyi. Rahoton ya kuma danganta sanyin gida da ciwon asma ga yara, da damuwar zuciya ga matasa, da koma baya a karatu.

Ta ina zafi ke tserewa?

Ƙa'idar kimiyya ce cewa zafi kullum yana tafiya ne daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi, kuma ta hanyoyi uku yake bi. Hanya ta farko ita ce ratsawa ta cikin abu mai tauri, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ɗaukar zafi idan an bar shi a tukunyar miya. Ta biyu ita ce tafiya tare da iska ko ruwa mai motsi, kamar yadda iska mai zafi ke tashi sama daga murhu. Ta uku ita ce haskakawa, wato yadda mai jin ɗumin wuta yake jin zafi a fuskarsa ba tare da ya taɓa ta ba. A gidan Ingila da ba a yi wa gyara ba, kimanin kashi ɗaya cikin uku na zafin da ke ɓacewa ta bango yake fita, kashi ɗaya cikin huɗu ta rufi, sauran kuma ta tagogi da ƙofofi da daɓe da kafofi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ma ta tsagar da iskar sanyi ta shigo, ta nan ɗumin ɗaki ke fita.

Maganin wannan yoyo yana cikin wani abu da ba a saye da kuɗi, wato iska. Iskar da ba ta motsi tana daga cikin abubuwan da zafi ya fi shan wahalar ratsawa: bulon ƙasa da aka gasa ya fi ta saurin wuce da zafi fiye da sau 20. Bargo ba ya ƙirƙiro zafi, iska yake tsarewa a tsakanin zarensa, ita kuma ta hana zafin jiki fita. Dalilin da ya sa ɗakin ciyawa ya fi na kwano daɗin kwana da hunturu ke nan. A kan wannan ƙa'ida ake yin audugar gilashi da audugar dutse, waɗanda ake shimfiɗawa a saman silin. A Birtaniya ana ba da shawarar kaurin shimfiɗar ya kai milimita 270.

Game da bango kuwa, gidajen Ingila iri biyu ne. Mafi yawan waɗanda aka gina daga shekarun 1920 zuwa gaba bangonsu ruɓi biyu ne, da rata a tsakani. Iskar da ke cikin ratar tana zagayawa, tana kwasar zafi daga bangon ciki zuwa na waje. Idan aka huda ƙananan ramuka daga waje aka hura audugar dutse ko ƙwayoyin roba masu kumfa aka cike ratar, iskar ta daina zagayawa. Aikin sa'o'i kaɗan ne. Tsofaffin gidaje kuwa bangonsu falle ɗaya ne, sai dai a liƙa musu abin tare zafi ta ciki ko ta waje, aikin da ya ninka wancan tsada sau da yawa.

Ga wani lissafi da ɗalibi zai iya bi. Zafin da ke fita ta bango daidai yake da faɗin bangon, sau bambancin zafin ciki da na waje, sau wata lamba da ke nuna saurin yoyon bangon. A ce gida yana da bango mai faɗin murabba'in mita 80, zafin ciki digiri 18, na waje digiri 3, wato bambancin 15 ne. Lambar bango mai rata da ba a cike ba takan kai kimanin 1.5, don haka asarar ta zama 80 × 15 × 1.5, wato wat 1,800. Bayan an cike ratar lambar takan sauka zuwa wajen 0.5, asarar ta koma wat 600. An tsare wat 1,200 ke nan, kwatankwacin dutsen guga na lantarki da aka bari a kunne dare da rana har sanyi ya wuce.

Wannan lissafi ya bayyana bambancin da ke tsakanin hanyoyin taimako guda biyu. Tallafin kuɗi yana biyan kuɗin wuta na bana, baɗi kuma sai an sake bayarwa, tamkar mai zuba ruwa a tulu mai yoyo. Gyaran gida kuwa sau ɗaya ake yi, amfaninsa ya ɗauki shekaru masu yawa, ko da mazauna gidan sun canja.

Gwajin Kirklees

Kirklees ƙaramar hukuma ce a yammacin Yokshaya da ke arewacin Ingila. Tana da mutane fiye da 400,000, babban garinta shi ne Huddersfield, akwai kuma Dewsbury da Batley. Yanki ne na tuddai da tsofaffin masaƙu. Daga 2007 zuwa 2010 hukumar ta gudanar da wani shiri mai suna Warm Zone, wato Yankin Ɗumi, wanda ya ci kimanin fam miliyan 20. Hukumar ta ba da wani kaso daga asusunta, kamfanin lantarki na Scottish Power ya ba da wani, domin doka ta wajabta wa manyan kamfanonin makamashi su kashe kuɗi wajen rage ɓarnar makamashi a gidajen jama'a.

Abubuwa biyu ne suka bambanta wannan shiri da waɗanda suka gabace shi. Na farko, kyauta aka yi wa kowa aikin, mai kuɗi da talaka, muddin gidansa ya dace. Shirye-shiryen baya sukan buƙaci mutum ya cike takardu ya tabbatar da cewa shi mabukaci ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi buƙata ba sa zuwa: wani kunya ta hana shi, wani bai ji labari ba, wani kuma kuɗin shigarsa ya ɗara ƙa'ida da 'yan fam kaɗan. Da aka ce na kowa ne, wannan shinge ya faɗi.

Na biyu, hukumar ba ta zauna a ofis tana jiran masu nema ba. Ma'aikata sun bi mazaɓu ɗaya bayan ɗaya, layi-layi, suna ƙwanƙwasa ƙofa, inda ba su sami kowa ba su sake komowa. Wannan tsari ya rage tsadar aiki, domin motar 'yan kwangila takan yi gidaje da yawa a layi guda maimakon ta yi ta zirga-zirga tsakanin garuruwa. Ya kuma jawo amincewa, domin wanda ya ga an yi wa maƙwabcinsa aiki bai biya ko sisi ba, shi ma zai buɗe ƙofa. A nan ne fifikon ƙaramar hukuma ya fito: ta san unguwanni, ta san irin ginin kowane layi, kuma jama'a sun fi yarda da takarda mai tambarinta fiye da ɗan kasuwar da ba su sani ba.

Zuwa ƙarshen shirin an duba gidaje fiye da 130,000, an kuma sa abin tare zafi a fiye da 51,000. An yi amfani da ziyarar wajen raba ƙwan lantarki mai tattalin wuta da na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru a ɗaki. Wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, tana fitowa daga murhun gas da ya lalace, kuma ita ce dai ke halaka masu kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu a ƙasar Hausa. An kuma haɗa mutane da masu ba da shawara a kan tallafin gwamnati da suka cancanta amma ba su nema ba. Shirin ya sami lambar yabo ta Ashden a 2009. Wani bincike na masanan Jami'ar Leeds da aka wallafa a 2015, wanda ya duba ainihin makamashin da gidajen yankin suka sha, ya gano cewa ragin da aka samu ya zarce abin da aka yi hasashe.

Duk da haka shirin yana da iyaka. Tsofaffin gidajen dutse masu bango falle ɗaya, waɗanda suke da yawa a yankin, ba su da ratar da za a cike, kuma galibi su ne suka fi sanyi. Bugu da ƙari, bayan 2012 gwamnatin tsakiya ta sauya tsarin tallafi, ta kawo shirin bashi a 2013 wanda jama'a ba su karɓa ba, har ta daina sa masa kuɗi a 2015. Yawan gidajen da ake gyarawa a shekara ya faɗi warwas a faɗin ƙasar.

Raɓa, danshi da fumfuna

Sanyin gida yana da abokin tafiya, wato danshi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa: a digiri 20 kowace kubik mita ɗaya ta iska tana iya riƙe kimanin giram 17, a digiri 10 kuwa kimanin giram 9 kawai. Numfashi da girki da wanka da shanya tufafi a ɗaki duk suna ƙara tururi. Idan wannan iska ta taɓa bango mai sanyi sai ta sauke ruwanta, kamar yadda raɓa ke kwanciya a jikin kwalbar da aka fito da ita daga firji. Bango mai jiƙa kuwa gonar fumfuna ce, ƙwayoyinta kuma suna shiga huhu.

A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a garin Rochdale. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa daɗewar da yaron ya yi yana shaƙar fumfuna a gidan hayar iyayensa ce ta yi sanadi, bayan iyayen sun sha kai ƙorafi. Wannan ya kai ga dokar da aka sa wa sunansa, wadda kashinta na farko ya fara aiki a watan Oktoba na 2025, tana tilasta wa masu gidajen haya na jama'a su binciki danshi da fumfuna su gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Tun kafin wannan, dokar gidaje ta 2004 ta ba ƙananan hukumomi ikon duba gidajen haya su tilasta gyara idan sanyi ya kai haɗari, kuma daga Afrilun 2020 an hana ba da hayar gidan da makinsa ya gaza E, sai da uzurin da doka ta amince da shi.

Gyaran kansa in ba a yi shi da kyau ba yana iya jawo danshi. Gidan da aka toshe duk kafofinsa ba a bar mashigar iska ba, tururi zai taru a cikinsa. A 2025 ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya ba da rahoton cewa kashi 98 cikin 100 na gidajen da aka liƙa wa abin tare zafi ta waje a ƙarƙashin wasu shirye-shiryen gwamnati na baya-bayan nan suna buƙatar gyara saboda ha'incin aiki da raunin sa ido.

Wasu dabarun

Farashin gas ya yi tashin gwauron zabo daga ƙarshen 2021, ya ƙara hawa bayan Rasha ta mamaye Yukuren a 2022. Ƙayyadadden kuɗin makamashi na matsakaicin gida a shekara ya tashi daga fam 1,277 a Oktoban 2021 zuwa fam 1,971 a Afrilun 2022, kuma da zai kai fam 3,549 a Oktoba ba don gwamnati ta tsayar da shi a fam 2,500 ba. A wannan hunturu ƙananan hukumomi da dama, irin su Gateshead, suka buɗe ɗakunan karatu da zaurukan taro da wuraren ibada domin jama'a su shiga su ji ɗumi su sha shayi kyauta. Agajin gaggawa ne mai amfani, sai dai da dare kowa gidansa mai sanyi yake komawa.

Hukumar Islington da ke Landan ta bi wata hanya. A 2020 ta ƙaddamar da tashar da ke zuƙo iska mai ɗumi daga ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ɗaga zafinta da wata na'ura mai aiki irin na firji, wadda ke kwaso zafi daga wani wuri ta kai wani. Da ruwan zafin da ake samu, tare da na wata tashar da ta gabata, ake ɗumama gidaje fiye da 1,000 da makaranta da wuraren wasanni. Hukumar Nottingham kuwa a 2015 ta kafa nata kamfanin sayar da gas da lantarki, Robin Hood Energy, domin sauƙaƙa wa talakawa farashi. Kamfanin ya yi ta tafka asara har ya rushe a 2020, ya bar wa hukumar bashin miliyoyin fam. Farashin gas a kasuwar duniya ake yanke shi, ƙaramar hukuma ba ta da iko a kansa. Bango da rufin gidajen yankinta kuwa suna kusa da hannunta.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna wannan ƙa'ida da kayan da ke kusa. A samo gwangwanaye uku iri ɗaya masu murfi. A bar na farko haka nan, a naɗe na biyu da busasshiyar auduga, na uku kuma da audugar da aka jiƙa. A zuba musu ruwan zafi daidai wa daida, a auna zafinsu da ma'aunin zafi kowane minti biyar har tsawon rabin sa'a, ɗalibai su zana sakamakon a jadawali. Za a ga mai busasshiyar auduga ya fi riƙe zafi, mai jiƙaƙƙiya kuma ya yi saurin hucewa, domin ruwa ya kori iskar da ke tsakanin zaren, kuma yana ɗauke zafi yayin da yake bushewa. Daga nan sai a tambayi ɗalibai me zai faru da gidan da ruwan sama ya shiga audugar bangonsa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa cikin abubuwa uku da ke haifar da talaucin makamashi, ginin gida ne wanda ƙaramar hukuma ta fi iya sauyawa, kuma shi ne gyaransa ya fi daɗewa. Kirklees ta nuna cewa ilimin tare zafi, wanda ɗalibin sakandare zai iya lissafa shi a allo, yana kaiwa ga jama'a ne idan an bi su gida-gida, an ɗauke musu nauyin biya, an kuma sa ido a kan ingancin aiki. Gwamnatin Ingila ta sa wa kanta sabon buri a doka, cewa zuwa shekarar 2030 a ɗaga gidajen masu fama da wannan talauci zuwa makin C gwargwadon iko. Cikar wannan buri ta rataya a kan tsofaffin gidaje masu bango falle ɗaya, waɗanda shirin Kirklees bai iya kaiwa gare su ba. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.